Shafukan Binciken Nasaba a Intanet da Sada Zumunci da Dangi na Nesa: Nazari a Ma'aunin Shari'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin shafukan intanet da aka gina domin binciken salsala da gano dangi, ta bayyana yadda suke aiki, sannan ta auna su da ƙa'idojin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa a babin nasaba da zumunci. Ta nuna cewa waɗannan shafuka hanya ce da za ta iya kai mutum ga danginsa da tarihi ya raba su, musamman waɗanda aikin hajji da hijira da fatauci da cinikin bayi suka warwatsa. Sai dai abin da suke bayarwa alama ce da ake bi domin neman ƙarin bayani, ba ya kai matsayin hujjar da ake gina gado ko muharramaka ko kore nasaba a kanta. Daga ƙarshe maƙalar ta kawo ladubban da suka kamaci Musulmin da ya yi niyyar shiga wannan fage.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutane daga asali guda, ya sanya su dangogi da ƙabilu domin su san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da wani ɗalibi ya kawo mini bayan darasin gado. Yayansa da yake zaune a Ingila ya yi gwajin ƙwayoyin halitta a ɗaya daga cikin waɗannan shafuka. Bayan 'yan watanni sai wata mata daga Amurka ta aiko masa da saƙo, tana cewa shafin ya nuna sun haɗa jini, tana kuma roƙon a sanar da ita wani abu game da asalin kakanninta. Ɗalibin ya ce: "Allah gafarta Malam, wannan matar 'yar'uwarmu ce a shari'a? Wajibi ne mu amsa mata? Idan ta zo gidanmu yaya za mu ɗauke ta? Tana da wani haƙƙi a cikin abin da kakanmu ya bari?" Tambayoyi huɗu ne, kuma kowace tana da babinta a fiƙihu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba su amsa guda, ko dai a rungumi komai ko a watsar da komai.

2.0 Matsayin Sanin Nasaba da Iyakar Zumunci

Musulunci ya ɗauki kiyaye nasaba a cikin manyan manufofin shari'a. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni da a jingina kowa ga mahaifinsa, aya ta farko a Suratun Nisa'i ta gwama tsoron Allah da kiyaye zumunci, ayoyi na 22 da 23 a Suratu Muhammad kuma suka yi narko mai tsanani ga masu yanke shi. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) umarnin Annabi (SAW) da mutum ya koyi gwargwadon abin da zai sada zumunci da shi daga nasabarsa. Wannan hadisi ya ɗaure ilimin nasaba da manufa, wato ana neman sa ne domin a yi aiki da shi.

Magabata sun ba wannan fanni muhimmanci. An san Abubakar Siddiƙ (RA) da sanin nasabar Ƙuraishawa, kuma Umar (RA) ya tsara diwaninsa bisa ƙabilu da kusanci ga Annabi (SAW). Daga baya aka samu littattafai irin su Jamharatun Nasab na Ibnul Kalbi, da Ansabul Ashraf na Balazuri, da Jamharatu Ansabil Arab na Ibnu Hazm. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Waziri Junaidu sun rubuta salsalar gidansu da ta danginsu. Saboda haka tsara sunayen kakanni a rubuce tsohon aiki ne a wurin Musulmi. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin.

Malamai sun yi saɓani a kan iyakar dangin da sada zumuncinsu yake wajibi. Wasu sun taƙaita shi ga muharramai, wasu suka faɗaɗa shi ga duk wanda aka haɗa jini da shi. Alƙali Iyad ya kawo wannan saɓani, Imam Nawawi kuma ya rinjayar da faɗaɗawa, yana mai kafa hujja da hadisin Abu Zarr (RA) da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya yi wasiyya da kyautata wa mutanen Masar saboda alƙawari da zumuncin da ke tsakani. Malamai sun fassara wannan zumunci da kasancewar Hajara mahaifiyar Annabi Isma'ila (AS) daga cikinsu take. Idan har an lura da dangantakar da ƙarnoni masu yawa suka shuɗe a kanta, to nisan kaka bai isa ya zama dalilin wofintar da mai neman danginsa ba. Haka kuma Alƙali Iyad ya bayyana cewa zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙarancinsa barin ƙauracewa da yin magana ko da sallama ce, kuma yana bambanta gwargwadon iko da buƙata.

3.0 Yadda Shafukan Suke Aiki

Shafukan sun dogara ne a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne takardun tarihi da aka mayar cikin kwamfuta, kamar rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da ƙidayar jama'a, da jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa. Na biyu shi ne bishiyar salsala da masu amfani da shafin suke ginawa da kansu, inda manhajar take kwatanta bishiyoyi ta sanar da mutum biyu idan sun haɗu a suna ɗaya. Na uku shi ne gwajin ƙwayoyin halitta, inda mutum yake aika yawunsa a cikin 'yar kwalba, a kwatanta sakamakonsa da na sauran waɗanda suka yi gwajin a wannan kamfani.

Daga cikin fitattunsu akwai FamilySearch, wanda Cocin Momon take gudanarwa daga jihar Yuta ta Amurka. Asalinsa ƙungiyar binciken salsala ce da aka kafa a 1894, shafin kuma ya fara aiki a 1999, kuma kyauta ne. Akwai Ancestry, wanda ya fara gwajin ƙwayoyin halitta na neman dangi a 2012. Akwai MyHeritage da aka kafa a Isra'ila a 2003, da 23andMe da aka kafa a 2006, da African Ancestry da aka kafa a 2003 domin baƙaƙen fatar Amurka masu neman asalinsu a Afirka.

Ya kamata ɗalibin fiƙihu ya fahimci abin da gwajin yake aunawa. Mutum yana gadon rabin ƙwayoyin halittarsa daga uba, rabi daga uwa. Saboda haka yana tarayya da mahaifinsa a kashi 50 cikin 100, da kakansa a kusan kashi 25. 'Ya'yan wa da ƙane suna tarayya a kusan kashi 12.5, jikokinsu a kusan kashi 3, tattaɓa-kunnensu kuwa a ƙasa da kashi 1. Daga nan abin yana ƙara dushewa, har a samu mutum biyu da suka haɗa kaka na gaskiya amma gwajin bai ga komai a tsakaninsu ba. Gwajin yana da ƙarfi ƙwarai a dangantaka ta kusa, yana raunana gwargwadon nisa. Kuma ko da ya nuna an haɗa jini, ba ya faɗin sunan kakan da aka haɗa, kuma adadi ɗaya yana iya dacewa da nau'o'in dangantaka da dama.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan ƙididdiga an gina su ne a kan zaton cewa mutum biyu sun haɗu ta hanya ɗaya tak. A al'ummar da auren zumunci ya yi yawa a cikinta, kamar yadda yake a gidajen Fulani da na malamai da na sarauta, mutum biyu suna iya haɗuwa ta hanyoyi uku ko huɗu, sai adadin ya kumbura, shafin ya nuna su a matsayin makusanta fiye da yadda suke. Haka nan rabon da ake yi wa mutum cewa kashi kaza nasa daga ƙabila kaza yake, kirdado ne da ya dogara a kan mutanen da kamfanin ya kwatanta shi da su, shi ya sa yake sauyawa duk lokacin da aka sabunta ma'aunin.

4.0 Dangin da Tarihi Ya Raba

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar Turawa ce, mu kuwa mun san gidajenmu. Gaskiya ne cewa mafi yawan takardun da ke cikin shafukan na Turai da Amurka ne, salsalarmu kuma tana cikin ƙirazan tsofaffi da bakunan maroƙa da bangon littattafan malamai. Amma mu ma muna da dangin da suka yi nisa.

Tafiya hajji da ƙafa ta bar dubban mutanenmu a Chadi da Sudan da Hijaz. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris na 1903 da yaƙin Burmi a Yulin wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'a, har suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai yankunan Jazira da Sinnar, ya raba mutane da yawa da muhallansu. A irin wannan hali gano ɗan'uwa yana iya zama sanadin samun mafaka da abinci. Fataucin goro shi ma ya kafa zangon Hausawa a Salaga da Kumasi da wasu garuruwan Gana.

Sai kuma cinikin bayi na tekun Atlantika, wanda ya kwashi mutane kimanin miliyan 12 da rabi daga Afirka. An kai Hausawa da yawa Bahiya ta Barazil, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren birnin Salbado a Janairun 1835, a cikin watan Ramalana. A Amurka kuwa, sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta mafi yawan baƙaƙen fata da sunayensu, domin kafin nan ana lissafa bayi ne a ƙarƙashin sunan ubangijinsu. Wannan shi ya sa jikokinsu suke komawa ga gwajin ƙwayoyin halitta idan takarda ta yanke. Matar da ta aiko wa yayan ɗalibina saƙo tana iya zama daga cikin waɗannan. Wanda aka ƙwace wa sunan kakansa da ƙarfin tsiya, ya zo yana tambaya cikin ladabi, ya cancanci a saurare shi.

5.0 Abin da Yake Tabbatar da Nasaba a Shari'a

Malaman fiƙihu sun ambaci hanyoyin tabbatar da nasaba: shimfiɗar aure, da istilhaƙi wato uba ya yi iƙirarin ɗa, da shaidar adilai biyu, da shaidar ji wadda ta yaɗu a cikin jama'a, sai ƙiyafa wato gane dangantaka ta hanyar kamanni. A mazhabar Malikiyya uba ne kaɗai yake da ikon istilhaƙi. Game da ƙiyafa kuwa, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun karɓe ta idan aka rasa abin da ya fi ta ƙarfi, Hanafiyya sun ƙi ta, mashahurin zancen Malikiyya kuma ya taƙaita ta ga 'ya'yan kuyangi. Masu karɓar ta sun kafa hujja da farin cikin Annabi (SAW) lokacin da Mujazziz al-Mudliji ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama ya tabbatar da dangantakarsu.

Hadisin da ya fi haskaka mas'alarmu shi ne jayayyar Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a a kan wani yaro, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga A'isha (RA). Annabi (SAW) ya ga kamannin Utba ɗan'uwan Sa'ad ƙarara a jikin yaron, amma ya hukunta cewa yaron na mai shimfiɗar da aka haife shi a kanta ne, sannan ya umarci Sauda 'yar Zam'a da ta sanya hijabi daga gare shi. A nan an ga alamar jini, an lura da ita a babin taka-tsantsan, amma ba a bar ta ta rushe nasabar da shimfiɗa ta tabbatar ba. Haka ma mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin fata, Annabi (SAW) ya mayar da shi ga misalin raƙumansa da yadda launi yake fitowa daga kakanni na nesa.

A kan wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta gina matsayarta a zamanta na 16 a Makka, a watan Shawwal 1422, daidai da Janairun 2002. Ta hana amfani da gwajin ƙwayoyin halitta wajen kore nasaba ko gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma hana amfani da shi domin bincikar nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Ta halatta shi a wuraren ruɗani, kamar jayayya a kan wanda ba a san nasabarsa ba, da cakuɗewar jarirai a asibiti, da yaran da suka ɓace a yaƙi ko bala'i, kuma bisa umarnin alƙali da kulawar hukuma. Idan wannan ne matsayin gwajin da ake yi a gaban kotu, to wanda mutum ya aika ta gidan waya, babu shaidar da ta ga wanda ya tofa yawun, ya fi cancantar a tsayar da shi a matsayin alama kawai.

Daga nan amsoshin ɗalibin suke fitowa. Gado ba ya tabbata sai an san jihar dangantaka da matakinta ta hanyar da shari'a ta yarda da ita, tare da kauwar abubuwan da suke hana gado, ciki har da saɓanin addini. Muharramaka ba ta samuwa a irin wannan nisa, tun da 'ya'yan wa da ƙane ma ba muharraman juna ba ne. Kuma akwai dangantakar da gwajin ba zai taɓa gani ba, wato shayarwa, wadda take haramta abin da nasaba take haramtawa. Amsa saƙo da kyakkyawar magana kuwa ba ya buƙatar shaidu, domin ko dai sada zumunci ne idan dangantakar gaskiya ce, ko kyautatawa ga baƙo idan ba haka ba. Saɓanin addini ba ya hana wannan, kamar yadda aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna, da izinin da Annabi (SAW) ya ba Asma'u 'yar Abubakar na ta sada zumuncin mahaifiyarta tun tana mushrika.

6.0 Haɗurran da Ke Tattare da Su

Haɗari na farko shi ne tonon asiri. Gwajin da aka yi domin neman dangi na nesa yana iya fito da abin da ya shafi na kusa, ya jefa shakka a kan uba ko kaka. Shari'a ta gina wannan babi a kan sutura. Wanda ya ci karo da irin wannan sakamako ba shi da ikon yaɗa shi ko tuhumar wata mace da shi, rayayya ce ko matacciya, domin hakan yana iya kai shi ga ƙazafi, alhali nasabar da shimfiɗa ta tabbatar tana nan daram.

Na biyu shi ne amanar bayanai. Ƙwayoyin halittar mutum ba nasa ba ne shi kaɗai, duk wanda ya bayar da nasa ya bayar da wani yanki na iyayensa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa ba da izininsu ba. A Afrilun 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani da ake nema shekaru da dama bisa kisan kai, ta hanyar bin sawun danginsa na nesa a shafin GEDmatch. A 2023 masu kutse sun samu bayanan mutum kimanin miliyan 6.9 daga 23andMe, kuma a Maris na 2025 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, lamarin da ya tayar da tambaya a kan makomar bayanan da ke hannunsa.

Na uku ya shafi aƙida. Cocin Momon tana tattara sunayen matattu ne saboda aƙidarta ta yi musu wankan baftisma a madadinsu, kuma ƙorafin Yahudawa a kan haka ya kai ga yarjejeniya a 1995. Wannan aiki ba ya cutar da mamacin Musulmi da komai a wurin Allah, kuma karanta takardun da suka tara halal ne. Amma ya kamata wanda zai shigar da sunayen kakanninsa, ko ya ba masu tattara salsala ta baka labarin gidansu, ya san manufar masu shafin tun da farko.

Na huɗu shi ne alfahari da da'awar ƙarya. Muslim ya ruwaito daga Abu Malik al-Ash'ari cewa alfahari da asali da sukar nasaba suna cikin ɗabi'un jahiliyya da za su wanzu a cikin al'umma, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito narko mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Bishiyoyin da ke shafukan kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a cikinsu, kuskure ɗaya kuma yana yaɗuwa idan aka yi ta kwafa. Kama da wane ba ta wane, haɗuwar suna ba ta nufin haɗuwar kaka, balle a ƙasar da Muhammadu da Abubakar da Usmanu suke cikin kowane gida. Haka kuma babu gwajin da zai tabbatar wa mutum sharifta ko ya kore ta daga wani, domin babu wani tabbataccen samfuri daga Annabi (SAW) da za a kwatanta da shi.

7.0 Ladubban Mai Nema

Wanda ya yi niyyar wannan aiki ya fara da gyara niyya, sannan ya fara daga gida. Ya zauna da tsofaffin gidansu, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe labarin aure da shayarwa. Ya rubuta sunaye da laƙabi da garuruwa da sana'o'i, ya bambanta abin da aka gani da abin da aka ji, kamar yadda malaman hadisi suke bambanta matakan riwaya. Kada ya sanya sunaye ko hotunan rayayyu a shafi sai da izininsu. Kafin ya yi gwaji ya shawarci manyansa, ya kuma tambayi kansa ko zai iya riƙe abin da zai gani.

Idan ya samu wanda ake zaton ɗan'uwa ne, ya gabatar da kansa da gaskiya, ya faɗi abin da ya sani ya tsaya a nan, kada ya ƙirƙiro wa mai nema asalin da zai faranta masa rai. Idan ɗayan ya ƙi amsawa, kada ya matsa masa ko ya shiga bin diddiginsa, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana leƙen asiri. Ya yi hattara da 'yan damfara masu fakewa da dangantaka, shi ma kada ya mayar da sabon ɗan'uwa hanyar neman kuɗi ko biza. Idan mace ce shi namiji, ya kiyaye iyakokin da ke tsakanin ajnabai, ya fi kyau ya haɗa ta da matan gidansu. Duk abin da ya shafi dukiya ko aure kuwa, a kai shi gaban malamai da alƙali.

8.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa shafukan binciken nasaba wasila ce, kuma wasila tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita. Suna halatta, har su zama abin so, idan an nufi sada zumunci ko taimakon ɗan'uwan da ke cikin ƙunci. Suna haramta idan an nufi tonon asiri ko sukar nasaba ko alfahari. A kowane hali ba sa tabbatar da gado ko muharramaka, ba sa kuma kore abin da shimfiɗa ta tabbatar. Akwai buƙatar jami'o'inmu su himmatu wajen tattara salsalar gidaje da rubuce-rubucen ajami a taskokin da suke hannun al'umma, tun kafin tsofaffin da suke riƙe da su su ƙare.

Abin da na ce wa ɗalibin shi ne su amsa wa matar da mutunci, su gaya mata abin da suka sani na garinsu da tarihinsa, su bar abin da ba su sani ba. Na kuma tambaye shi yaushe rabonsa da gaishe da gwaggonsa da ke unguwa ɗaya da shi, sai ya sunkuyar da kai. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma na kusa ya fi cancantar a fara da shi. Allah ya sa mu cikin masu sada abin da ya yi umarni a sada. Allah ne mafi sani.